Sifirin da Ya Kai Habu Gonarsa

Bakanikai uku ne suka duba babur ɗin Habu kafin a kawo mini shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Na Bagwai ya ce irin wannan sifirin, wato ƙarfen da ke shanye dukan hanya tsakanin taya da jikin babur, ba a gyara shi, sai dai a canza. Na Ɗambatta ya ce ko an so canzawa babu inda za a samo, domin ba a shigo da kayansa. Na birni, wanda aka ce ya fi su sani, ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya danna gabansa da tafin hannu, ya ce ko sabo fil aka ɗaura masa ba zai ɗauki taki ya haye kunya ba, domin ba don haka aka ƙera shi ba. Shawararsa ita ce a cire injin a yi ban-ruwa da shi, a miƙa wa 'yan gwangwan abin da ya saura.

Ina ba da wannan labari ne domin ku matasan da kuka shigo sana'ar yanzu, waɗanda nakan ji kuna cewa aikin sifirin ba wani aiki ba ne, kwance noti huɗu ne kawai, a cire tsoho a zura sabo. Sunana Haruna. Na yi makarantar koyon sana'a a zamanin da ake sa ɗalibi ya zana ƙarfe a takarda kafin a bar shi ya taɓa guduma. Na yi shekara talatin da biyar a garejin gwamnati, a sashen ƙarƙashin mota, sannan na yi ritaya na dawo ƙauyenmu na kafa rumfa a ƙofar gida. Ban taɓa buɗe inji ba, ban kuma taɓa haɗa wayar mota ba. Abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota shi kaɗai na sani, amma na san shi.

Fallen sifirin wata tifa ne aikin farko da maigidana Malam Ila ya sakar mini, bayan na yi shekara biyu ina riƙe masa awartaki. Ya ce in gasa shi, in lanƙwasa, in ba shi ruwa. Na gasa har ya yi ja, na daidaita shi a kan uwar maƙera, na tsoma a baƙin mai, na kai masa ina taƙama. Ya ɗaura shi a bayis, ƙarfen nan da ke matse aiki a kan tebur, ya buga masa guduma sau ɗaya, fallen ya karye kamar rake. Sai da ya bari na tsince gutsattsarin sannan ya nuna mini abin da na tsallake. Ƙarfen da aka tsoma a mai yana fitowa da tauri ne kawai, ba shi da haƙuri. Dole a mayar da shi kan wuta a hankali, ana duban launinsa yana canzawa daga ruwan ƙasa-ƙasa har ya yi shuɗi irin na wuyan tattabara, a nan ake ɗauke shi. A wannan rana ya kafa mini dokar da na riƙe tsawon aikina. Ya ce sifirin hagu da na dama tagwaye ne, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, wutarsu ɗaya, kuma duk ranar da na fifita ɗaya a kan ɗaya, in daina cewa shi ya koya mini.

Masu kawo mana aiki kuwa magana ɗaya suka iya. Direban akori-kura mai ɗaukar gero zuwa kasuwar Ɗambatta, da mai bas ɗin da ke loda fasinja har kan inji, da mai kantar da ke jigilar tumatur, kowa ya zo abin da zai ce shi ne, "A ƙara mata ƙarfi." A ƙara falle biyu, a ƙara uku. Ba wanda ya taɓa tsayawa a gabana ya ce in tausasa masa mota. Hannu yana sabawa da abin da aka daɗe ana nema a wurinsa, har mutum ya ɗauka cewa gyaran sifirin da ƙara masa tauri abu ɗaya ne.

Shekara ta biyu bayan ritayata ita ce mummunar shekara. Tsofaffin sifirin na ƙasashen waje suka cika kasuwa, direbobi suka ga sayen wani ya fi musu sauƙi a kan jiran gyara. Wata bakwai ban ɗaga mota a jak ba. Sai na koma sare tsofaffin fallayen da na tara, ina ƙera bakin garmar shanu da fartanya da su. Wannan ya tilasta mini shiga gonaki, domin manomi ba ya yarda da bakin garma sai an gwada a gabansa. A nan na fara sanin Habu. Lokacin yana da ƙafafunsa biyu, yana bin shanu yana waƙa, ba ya barin kowa ya huta da tsokana.

Bayan wasu shekaru motar da ya shiga ta kife a hanyar birni, aka yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa. Gonarsa ta gado tana can bayan gari, tafiyar kusan awa ɗaya ga mai lafiya, kuma babu hanyar mota. Ana bin burtali ne mai yashi, sannan a ratsa gonakin maƙwabta biyu. Damina biyu gonar ba ta ga taki ba, amfaninta ya ja baya. Wansa Alhaji Tanko, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke shawarar ba wa wani mutumin ƙauyen gaba aron gonar, a riƙa kawo wa Habu rabonsa yana zaune. Ku da kuka taso a wannan yanki kun san yadda ƙasa ta yi mana kaɗan, kun kuma san cewa gonar da aka ba da aro shekara biyar, karɓo ta sai an je gaban dagaci, wani lokacin ma ba ta dawowa. Habu ya ƙi. Da aka matsa, Alhaji Tanko ya gindaya sharaɗi a gaban dattawa: idan Habu ya kai takin gidansa gona da kansa, ya baza shi kafin ruwan farko, gonar tana hannunsa. Idan ruwa ya sauka takin yana jibge a bayan gida, za a ba da ita.

Habu ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi wani babur mai ƙafa huɗu a gwanjo, irin wanda ba a canza masa giya da ƙafa, birkinsa kuma a hannu yake. Yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya. Injinsa lafiya lau. Amma da zarar an ɗora buhun taki a gaba, sai hancinsa ya durƙusa, cikinsa ya riƙa dukan kunya. Ku tuna bazara ce, tsohuwar kunya ta bushe ta yi tauri kamar bulo.

Ranar da aka turo shi rumfata, Habu ya sauko da sandunansa ya ce, "Baba, ga jakina na kawo. Ba ya cin kara, ba ya harbi, amma da ya ga kaya sai ya yi sujada."

Na ce, "Ka bar shi nan kwana uku."

"Kwana uku? An ce mini a garejin gwamnati sai fayil ya yi wata uku kafin a ɗaga mota."

Na ce masa a can fayil ne ke jira, ba ƙarfe ba.

Sifirin gaban wannan babur ba mai falle ba ne, mai naɗi ne, zagaye da shakazoba, wato bututun man da ke rage girgiza, ɗaya a kowace taya. Irin wannan yana da haɗari wajen cirewa, domin a matse yake, idan ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum haƙora. Ina da maƙatai biyu da na ƙera da dogon noti, da su nake matse shi a hankali, juyi ɗaya a hagu, juyi ɗaya a dama. Da na fito da su na ga sun gaji, sun rage tsayi da kusan yatsa biyu. Na ɗauko tsohon sifirin wata ƙaramar mota, mai kaurin waya, na auna, na yanke guda biyu da zarto ina zuba ruwa. Ba a yanka sifirin da wutar walda, duk wanda kuka ga yana yi ku tashi daga wurinsa, domin zafin yana kashe ƙarfen. Na daidaita bakunansu, na jera su a kan tebur, tagwaye sak. Na ɗaura. Na sa aka ɗora buhu biyu a gaba, hancin bai ko sunkuya ba.

Na hau da kaina na gwada. Na bi burtali, na ratsa kunya har gonar Habu na dawo, cikin babur bai taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba. Na miƙa masa makulli na ce aiki ya kammala.

Washegari da hantsi aka zo aka gaya mini Habu ya faɗi. A kunya ta bakwai ta gonar farko babur ya yi tsalle ya watsar da shi, buhu ya bi shi ya danne masa kafaɗa. Allah ya kiyaye babu karaya, amma hannun dama ya kumbura, gefen fuskarsa ya ƙuje. Na tarar da shi a zaure an jingina shi da bango, Alhaji Tanko yana tsaye a kansa.

Alhaji Tanko ya ce, "Malam Haruna, da girmanka. Ƙafa ɗaya ta rage masa, ita ma so ake a raba shi da ita? Ni ba gonar nake kwaɗayi ba, ina da tawa. Ƙanena nake so ya kai tsufa."

Na ce, "Alhaji, maganarka gaskiya ce. Aikin hannuna ne ya kayar da shi."

Habu ya ce, "Yaya, sharaɗinka ruwan farko ne, ba faɗuwar farko ba."

"Ka yi mini shiru. Kana kwance ma bakinka bai kwanta ba."

Na tambayi Habu yadda abin ya faru, domin ni na bi wannan hanya jiya da kaya iri ɗaya ban ji komai ba. Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura, ya ce, "Baba, da ka zo kan kunya, zaune kake ko tsaye?"

Na ce zaune nake.

"A'a. Ina kallonka daga bakin burtali. Duk kunyar da ka zo sai ka ɗan ɗaga, kamar liman zai tashi daga raka'a ta biyu. Ni da me zan ɗaga?"

Nan take na gane. Duk wanda ya taɓa hawa babur ko doki yana taka ƙafafunsa ya ɗaga jikinsa idan ya hango tudu, ba tare da ya sani ba. Gwiwoyina biyu ne suka shanye dukan da sifirina ya ƙi shanyewa. Na ƙera abin da zai ɗauki buhu, na manta da wanda zai zauna. Na roƙi Alhaji Tanko ya ba ni mako ɗaya, da alkawarin cewa Habu ba zai sake hawa ba sai shi Alhaji ya gani da idonsa ya amince. Ya dubi gabas, inda hadari ya fara taruwa da yamma yana watsewa, ya ce, "Mako ɗaya. Ruwa kuma ba ni nake riƙe da shi ba."

Abin da na fara yi ba a rumfa na yi shi ba. Na tuɓe babbar rigata, na cire rawanina, na naɗe ƙafata ta hagu da shi, na ɗaure dunduniya da cinya tamau, na sa aka ɗora ni a kan babur. Ina da shekara saba'in da ɗaya a lokacin, kuma mutanen garin ba su taɓa ganina a waje babu babbar riga ba. Mata suka leƙo ta kan katanga. Masu zaman gindin darbejiya suka taso suka biyo ni har bakin gonaki. Habu, da hannunsa a rataye, ya sa aka kawo shi a amalanke don kada a ba shi labari.

Ya ce, "Baba, ka yi kyau. Sai dai ka bar mini sandunana, ba na ba da aro."

Na shiga kunya a hankali ƙwarai. A ta farko na ji dukan ya taso daga taya ya bi ƙashin bayana har ƙeya. A ta uku na gane abu na biyu, wanda ban zo nemansa ba. Mai ƙafa ɗaya ba ya zama a tsakiya. Don kada ya zame, yana karkata ga ƙafar da yake da ita, nauyinsa duk ya koma dama. Tayar dama tana nutsewa, ta hagu tana yin sama, kan babur yana fizgewa gefe. A ta biyar na tsaya, domin na san abin da ke jirana a ta bakwai.

Na aro sikelin masu awon hatsi. Da hannun Habu ya ɗan saki, na zaunar da shi a kan babur yadda ya saba zama, da buhu biyu a gaba da sandunansa a ɗaure, muka ɗora tayar hagu a sikeli, sannan ta dama, ɗayar kuma a kan katako mai tsayi daidai. Bambancin ya kai nauyin kwano huɗu na gero ko fiye. A nan na tsaya tsakanin dokar Malam Ila da abin da sikeli ya nuna. Na yi kwana guda ina juya maganar. Abin da na cimma shi ne, maigidana yana nufin mota ta tsaya daidai a kan hanya, kuma duk motocin da ya sani direbobinsu ƙafa biyu gare su. Da ya ga Habu, da shi ma ya ɗauko sikeli. Allah ya jiƙansa, ba na tsammanin zai kore ni.

Na je Ɗambatta na zaɓo sifirin baya na babur ɗin haya guda biyu, masu siririyar waya da naɗi da yawa. Ku riƙe wannan: yawan naɗi da sirantar waya su ke kawo laushi, rage naɗi kuwa ƙara tauri yake yi, ko da ido yana ganin kamar an rage ƙarfe. Na rage tsayin masu kaurin nan da na fara sawa, na ɗora masu laushi a kansu, na raba su da zoben ƙarfe da na sa aka fere mini daidai bakin kowanne. Manufar ita ce, ƙaramin duka irin na kunya mai laushin ya shanye shi, idan kaya ya yi nauyi ko an faɗa rami, mai laushin ya gama matsewa, mai kaurin ya karɓa. Na zubar da tsohon man shakazoba wanda ya tsinke kamar ruwa, na zuba mai ɗan kauri don kada babur ya riƙa rawa bayan duka ya wuce. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara hamsin. Na saka wa na dama ƙarin zobe mai kaurin rabin yatsa a ƙarƙashinsa, na hagu ban saka masa ba. Idan babu kowa a kai, babur ɗin yana tsayawa a ɗan karkace, kamar mai sauraron magana. Duk bakaniken da ya gan shi zai ce aikin bai yi ba.

Sau huɗu na kwance na sake ɗaurawa. Kowane gwaji da ɗaurarriyar ƙafa na yi shi, har mutane suka gaji da kallo suka koma harkokinsu. A karo na huɗu na ratsa gonakin biyu a zaune daram, ban ji komai ba sai lilo, ko da yake ni ba nauyin Habu gare ni ba. A rana ta shida aka yi iska mai ƙarfi da yamma, aka ji ƙamshin ruwa daga wajen Tofa, amma bai iso mu ba.

Da safe na aika aka kira Alhaji Tanko. Ya zo ya ga babur a karkace ya ce, "Malam Haruna, wannan ai ya fi da lalacewa."

Na ce, "Alhaji, bari mai shi ya zauna."

Habu ya hau, aka ɗora buhu biyu gaba, biyu baya. Babur ya daidaita kamar an sa masa ma'auni. Alhaji Tanko ya zagaya ya duba ta gaba, ya tsuguna ya leƙa ƙasa. Sai ya tattare rigarsa ya ce zai bi shi a ƙasa, kuma idan ya ga taya ɗaya ta bar ƙasa, magana ta ƙare. Haka suka tafi, ƙane a kan babur yana tafiya kamar ta jaki, wa yana biye da shi yana haki, ni ina bayansu. A kunya ta bakwai Habu ya waiwayo ya ce, "Yaya, nan ne masaukina na wancan makon, ko za ka huta?" Alhaji Tanko ya ce, "Dubi gabanka, don Allah."

Sawu goma sha ɗaya ya yi a kwana uku. Yana isa sai ya kwance igiya, ya ture buhu, ya farke bakinsa, ya ja babur a hankali takin yana zuba a bayansa, abin da ya taru wuri ɗaya ya baza da doguwar fartanyar da na ƙera masa yana zaune. A sawu na ƙarshe Alhaji Tanko ya kira dattawan nan da aka yi sharaɗi a gabansu, ya kira ni, muka tsaya a kan iyakar gonar. Ya ce ya janye maganar aro, gonar Habu tana hannun Habu, ba kuma zai sake tayar da zancen ba muddin yana raye. Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka, Habu ya shuka gero da wake.

Yanzu na ajiye guduma, idona ba ya rarrabe launin ƙarfe a wuta. Biyu daga cikin dattawan da suka tsaya a wurin sun riga mu gidan gaskiya, ba a kuma rubuta komai a takarda ba a ranar, domin tsakanin wa da ƙane ne. Amma Alhaji Tanko yana da 'ya'ya maza, Habu ma yana da su, kuma wata rana za su zauna rabon abin da iyayensu suka bari, wani ya ce ya ji an taɓa cewa za a ba da gonar. Saboda haka nake so wanda ya karanta wannan ya riƙe, wanda yake da alƙalami kuma ya rubuta: Alhaji Tanko ya janye maganarsa a bakin gonar, da bakinsa, a gabana, ranar Laraba bayan la'asar, huɗu ga watan Zulƙida, a shekarar da na cika saba'in da ɗaya.